Na haɗa jita mai lantarki da hannuna, amma waya ɗaya ta kusa kunyata ni

Kwalin ya iso a farkon hunturu. Irin jitar nan ce da ake sayarwa a wargaje, kai ne za ka haɗa abarka: gangar jiki tsurar katako ba fenti, wuya daban, sai ledojin sukurori da wayoyi da tsirkiya shida. Fasalin Stratocaster gare ta, wadda Leo Fender ya fito da ita a Kalifoniya a 1954. Wuyan irinta ba da gam ake manna shi ba, sukurori huɗu ke riƙe shi, shi ya sa ko ɗan koyo zai iya ɗaurawa. Na zaɓe ta ne don siririn sautin nan mai kaifi na makaɗan Agadez, wanda ya daɗe yana yi min yawo a kunne.

Aikin katako bai ba ni wahala ba. Na goge da sanfefa, na shafa mai sau biyar, wuyan kuma ya zauna a gurbinsa daram. Rami ɗaya ne aka huda a karkace, na cusa masa tsinken sakace da gam na sake hudawa.

Wajen haɗa wayoyi ne ido ya raina fata. Maɗaukan sauti uku ne, wato abubuwan da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya su mai da ita lantarki, kowanne maganaɗisu shida da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Sai maɓallan murɗawa uku, ɗaya na ƙarfin murya, biyu na laushinta, da kafasito ƙarami, da makunni mai matsayi biyar na zaɓen maɗaukin da zai yi aiki. Takardar da suka saka zane ne baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba, alhali wayoyin kala-kala ne. Na aro ƙarfen narka dalma wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin layinmu. Dalma ta ƙi kama bayan maɓallan sam, sai ta dunƙule ta gangaro kamar ruwa a ganyen gwaza, har sai da na kankare bayan nasu da sanfefa. Yatsana manuni har yau da tabon wannan daren.

Da na jona ta da amfilifaya, sauti ya fito, amma da wani gurnani a ƙarƙashinsa kamar an kunna tsohon firji. In na taɓa tsirkiya ba ya raguwa, in na taɓa ƙarfen mashigar waya sai ya lafa. Kwana biyu ina warwarewa ina mayarwa. Da na gaji na saɓa ta zuwa wajen dattijon.

Ya juya ta, ya buɗe murfin baya, ya ce, "Ɗan nan, ina wayar da ta zo nan?"

Na ce, "Baba, wallahi babu ita a takardar."

Ya ce, "To takardar ce za ta kaɗa maka?"

Ashe dole a ja waya daga bayan maɓallin murya zuwa ƙarfen da ke riƙe sifirin ɗin da ke jan mazaunin tsirkiyoyi a bayan jitar, don tsirkiyoyin su haɗu da sauran ƙarafan. Ramin wucewarta ma yana nan an huda, zanen ne kawai bai nuna ta ba. Minti biyar ya ɗauke shi, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Wannan sakacin shi ne babban laifin da na ga masu kayan.

Sauran ɗan gurnanin da ya rage halin irin wannan maɗaukin ne, yana tsintar kaɗawar wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa. Na liƙe cikin ramukan da tef ɗin tagulla, tsiwirniyar ta ragu. A matsayi na 2 da na 4 na makunnin kuwa tsit kake ji, domin a nan maɗauka biyu ke aiki tare, maɗaukin tsakiyar kuma an naɗe shi ta baibai, sai su kashe ƙarar juna.

Bayan sati biyu iskar hunturu ta busar da katakon wuyan ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a kansa suka leƙo suna yankar hannu, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da zarto. Jan tsirkiya kuma ya ɗan lanƙwasa wuyan, na ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa kwatan murɗi, na bar ta ta kwana kafin in ƙara. Takardar ba ta ce uffan kan wannan ba, alhali shi ne ya mai da ita abin kaɗawa.

Wanda ke son ya fara kiɗa gobe, ya sayi haɗaɗɗiya ya huta. Ni dai kuɗina bai ciwo ba, don yanzu kowace waya a cikinta na san inda ta fito da inda ta nufa. Tsirkiyoyin da suka zo da ita na zubar tun ranar farko. Maɗauran tsirkiyar ma na arha ne, ta uku tana saki kafin in gama waƙa biyu, su zan canza in albashi ya shigo.