Gidan motsa jiki da masu kitsen hanta: yabo da ƙorafi

Akwai wani gidan motsa jiki a Kano da ya ware tsari na musamman domin waɗanda hoton asibiti ya nuna kitse ya taru a hantarsu alhali ba su shan giya, kuma bayan da na bi tsarin na ɗan lokaci, ina ganin ya cancanci yabo duk da wani aibi da ke tattare da shi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne mai horarwar bai mai da sikeli alƙali ba. Da tef irin na tela yake auna ƙugun mutum, ya rubuta a kati, sannan ya bayyana cewa motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da nauyi bai sauka ba, domin tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini, jiki ya ƙara jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, hanta kuma ta rage mai da rarar sukarin kitse. Wannan bayani daidai ne, kuma yana hana mai teɓa karaya idan ya ga allurar sikeli ta ƙi motsi. Sai dai bai ɓoye mana cewa kumburi da tabon hanta sun fi lafawa idan mutum ya rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa ba.

Jadawalin ya dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, inda ake haɗa tafiya da sauri a kan inji da tuƙa keke, ana kuma ɗaga ƙarfe sau biyu. Ma'aunin mai horarwar na matsakaicin motsi mai sauƙi ne: "Malam, idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, to ka tsaya a wannan saurin." Mata suna da lokacinsu daban, ko da yake ya yi gajarta.

Ƙorafina yana bakin ƙofa, inda aka ajiye firji cike da lemon kwalba da zoɓo mai zaƙin gaske, kusa da wani shayi da ake tallatawa wai yana wanke hanta. Sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha yana daga cikin abin da hanta ke mayarwa kitse, kuma wasu haɗe-haɗen ganye suna iya yi mata lahani. Ya kamata masu gidan su kwashe shayin nan, su cika firjin da ruwa.