GARGAƊI: wani mai sayar da fim ɗin kamara ya ci min sidi 1,800

Jama'a wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Sidi 1,800. Dubu ɗaya da ɗari takwas, fim goma da ya ce Ilford Delta 3200 ne, fim ɗin ɗaukar hoto a wuri mai ƙarancin haske, a kan 180 kowanne, ni da hannuna na tura masa ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Kuma kar wani ya zo yana ce min ai laifina ne. Ni ba yau na fara ɗaukar hoto baƙi da fari ba. Na san Ilford Delta 3200 ainihin ƙarfinsa wajen ISO 1000 ne (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin fim wurin kama haske), sauran a wurin wanke fim ɗin da magani ake ƙara masa lokaci, shi ya sa in za ni dambe a unguwar Bukom ta Accra da dare a 1600 nake sa shi, in samu saurin ɗauka 1/500 na sakan naushi ya tsaya cak, gumin da ke fallatsa ma ka gan shi. Fim ɗin HP5 mai ISO 400 in ka tura shi har can inuwa sai ta toshe. To mutumin nan maganar da ya min ke nan a Circle, cikin Accra, muna tsaye gefen tashar trotro, motocin haya: "Yaya, kar ka sa shi a 3200, sa shi 1600 ka wanke kamar 3200." Nan ya gama da ni. Wa zai faɗi haka in ba ɗan hannu ba? Har yanzu maganar na yawo a kaina, "sa shi 1600", har da murmushinsa.

Au, a Facebook muka fara haɗuwa, ya ce ƙanensa ne ya kawo daga Ingila, a firij yake ajiyewa don fim mai ƙarfi ba ya son zafi, wanda kuma gaskiya ne. Na tambaye shi ina kwalayen, ya ce an cire don kaya su yi sauƙi a jirgi. Na yarda. Lokacin ma na riga na tura rabi, 900, tun ina gida a Nima, sauran 900 a gabansa.

Fim huɗu na ƙona daren damben. Da na wanke na ɗaga a haske sai na ga kusan fari tas kamar gilashi, fitilun sama kaɗai suka fito, 'yan dambe kamar aljanu. Na zargi maganin wankina, na zargi kamarata, sai da na duba bakin fim ɗin wurin ramukan nan. Na gaske sunansa na rubuce a can. Wannan 100 kawai na gani. Na kankare takardar jikin gwangwanin da farce ta ɓare, ashe tsohon gwangwani ne ya ɗura fim mai ISO 100 ya manne da salatif. Mai 100 a 1600, da dare! Sidi 1,800, ga kuɗin mota, ga yaron da na yi wa alkawarin hoton wasansa kullum sai ya kira.

Lambarsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Sikirinshot na hirarmu da na Momo duk suna nan, zan sa su anjima in na huce, da hoton gwangwanin. Allah ya isa.

In ba kwali a rufe da ranar lalacewa a jiki, kar ka saya. Sayi ɗaya ka wanke ka duba bakinsa tukuna. Shida sun rage min a firij, ko kallonsu ba na son yi.