Kafin in aiko maka na'urar ƙara wa kifi ruwa daga Landan

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, na samu saƙonka kan na'urar da ke ƙara ruwa da kanta a akwatin gilashin kifi. Na zagaya shagunan masu kifin ado a nan, ga abin da na gani.

Kaya kam akwai su. Mai araha wani ɗan toto ne da ke yawo a kan ruwa: ruwa ya yi ƙasa ya kunna ɗan famfon lantarki mai turo ruwa daga jarkar ajiya, ya dawo daidai ya kashe. Na masu hali irin su Osmolator ne na kamfanin Tunze da ke Jamus, kuɗinsa ya haura fam 100. Shi yana da ido mai auna ruwa da haske, sai toto a samansa ko da idon ya kasa, kuma in famfon ya yi minti 10 yana aiki babu tsayawa zai yanke wuta ya yi ƙara. Masu kiwon kifin teku da murjani su suka fi sayensa, domin ruwa ne kaɗai ke bin iska, gishirin yana nan. Suna riƙe shi a wajen giram 35 cikin kowace lita, kuma tataccen ruwa marar gishiri suke ƙarawa. Kai da kifinka na ruwan daɗi ne, ba ka da wannan larurar, amma hunturun Kano zai sha maka ruwa fiye da yadda kake zato.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne duk tsadar na'urar, famfo kawai take iya kashewa. Ka san yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, da zarar ya taho ba ya buƙatar baki kuma? Haka yake a nan. In ruwan jarkar ajiya ya fi bakin tiyon tudu, famfo zai tsaya amma ruwa ya ci gaba da kwarara har jarkar ta sauka ko ɗaki ya cika. In kuma jarkar ce a ƙasa, bakin tiyon yana nutse cikin tankin kifin, sai abin ya juya: ruwan kifin ya koma jarka, na'ura ta ga ruwa ya ragu ta sake turawa, a yi ta kai da komo. Maganin duka biyun bai kai kuɗin katin waya ba. A ɗaure bakin tiyon sama da ruwan tankin yadda zai riƙa ɗiga ta cikin iska, kuma ya fi ruwan jarkar tudu ko da an cika ta fal. Suna sayar da ɗan bawul mai barin ruwa ya bi hanya ɗaya, sai dai ban yarda da shi ba, datti kaɗan ke hana shi rufewa. Toton ma yana maƙalewa, dodon koɗi guda in ya hau kansa ya isa. Shi ya sa ake jiƙa shi a ruwan khal lokaci zuwa lokaci, musamman a Landan da ruwanta ke barin farin ɓawo a buta.

Kada ka haɗa shi da tankin saman gida kai tsaye, Yaya. Jarka ƙarama ka samu, wadda ko ta juye gaba ɗaya tankin zai ɗauka bai tumbatsa ba.

Ta wajen ciniki sun fi mu, gaskiya. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa, in kuma ya zo da aibi dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Amma wannan gatan ba zai bi kaya zuwa Kano ba, don haka zan gwada shi a nan tukuna. Aikin hannu kuwa mu muka fi su sauƙi. Kiran mai gyaran famfo a nan sai ka shirya, ga jira, ga maƙwabcin ƙasa da rufinsa zai jiƙe in ruwa ya zube, daga nan sai maganar mai gida da inshora.

Fulogin Ingila mai ƙafa uku ne irin namu, wutar ma 230 ce, ba kamar na Amurka mai 120 ba. Ka dai tanadi sitabilaiza, in kuma kana da tankin ƙasa, wato na tace ruwa da ake ajiyewa ƙarƙashin na kifin, ka bar sarari a cikinsa, don in NEPA ta ɗauke wuta ruwan bututu can zai gangaro. Tiyo da jarka ka saya a Sabon Gari, babu dalilin biyan kuɗin jirgi a kansu. Ka auna min tsayin tankin da inda za ka ajiye jarkar, ka turo hoto. A gaida Hajiya da yara.