Taswirar rijiyoyin unguwa: My Maps ko QField?

Malam, ka ce ku shida ne a ƙungiyarku, kuna son ku zana taswira ɗaya ta rijiyoyin burtsatse da magudanan ruwa na mazaɓarku, kowa ya riƙa sa abin da ya gani, kuma an ba ka shawarar manhajojin zana taswira guda biyu, Google My Maps da QField. Abin da zai raba maka gardama shi ne inda za a yi aikin: a zaune gaban kwamfuta, ko a tsaye bakin rijiya.

My Maps tun 2007 Google ta fito da ita, kuma sauƙinta ne ya sa ake son ta. Duk mai adireshin Gmail zai buɗe taswira, ya dasa alama, ya ja layi, ya kewaye fili, sannan ya ba abokan aiki izinin gyara kamar yadda ake raba takarda a Google Drive. Cikin rabin sa'a mutum ya iya. Tana ɗaukar shimfiɗa 10 a taswira guda, wato rijiyoyi a shimfiɗarsu, magudanai a tasu, kuma wannan ya ishe ku. Sai dai ba ta aiki sai da intanet, kuma tun 2021 aka janye manhajarta ta Android, don haka gyara a waya wahala ce. Abin da ya fi damuna da ita shi ne ba ta ajiye tarihin gyara. Idan wani ya goge shimfiɗar rijiyoyi bisa kuskure, babu inda za ka koma ka ɗauko ta jiya. In da ita za ku yi, ku riƙa sauke kwafin taswirar duk mako a matsayin KML, wato fayil ɗin da ke ɗauke da bayanan taswira.

QField kuwa don fita daji aka yi ta. Kamfanin OPENGIS.ch na Suwizalan ne ya ƙera ta a kan QGIS, manhajar taswira ta kyauta da Gary Sherman ya fara a 2002. Mutum ɗaya zai zauna da kwamfuta ya tsara aikin a QGIS, ya shirya fom: rijiyar tana aiki ko ta lalace, ta hannu ce ko mai sola, wa ya haƙa ta. Sai ya tura wa kowa a waya. Yaronka zai tsaya jikin famfon da hannunsa ya karye, GPS ɗin waya ya kama wurin, ya cike fom, ya ɗauki hoto, duk ba tare da sabis ba. Da yamma in ya shigo gari sai ya tura ta QFieldCloud, ma'ajiyar QField ta intanet, aikin mutum shida ya haɗu wuri guda. Fom ɗin nan shi ne ribar, domin ba za ka tarar wani ya rubuta "ta mutu", wani "ba ruwa", wani ya bar wurin fayau ba. A gaya wa masu fita su dakata kaɗan kafin su danna, saboda GPS ɗin waya yakan kauce da mita biyar ko fiye, musamman a lungu mai dogayen katangu.

Nauyinta yana kan mai tsarawa. In babu wanda ya san QGIS a cikinku, sai ɗaya ya ware kwanaki ya koya, ko ku nemi ɗalibin sashen labarin ƙasa ya taya ku.

Ni dai QField zan zaɓa muku, tunda aikinku na ƙafa ne kuma hoto da yanayin kowace rijiya za ku kai gaban ƙaramar hukuma. My Maps ku bar ta don nuna wa jama'a sakamako: ku fitar da KML daga QGIS, ku ɗora a kanta, ku raba mahaɗin da izinin kallo kawai. Kafin ku ɗora, ku cire sunayen masu gidaje da lambobin waya daga bayanan da kuka tattara.