Taimin ya kauce bayan mayar da kamshaf: murɗa distirbuta ko sake buɗe murfi?

A garejojin bakin titi irin na Ringim da Gumel, idan aka mayar da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin) mota ta tashi tana karkarwa, tana harbi ta salansa, kuma ba ta da ƙarfi a hawa, hanya biyu ake bi.

Ta farko, bakanike ya sassauta distirbuta, wato mai raba wuta ga fulogi, ya riƙa murɗawa yana saurare har sauti ya daidaita. Ba ta cin lokaci, kuma tana aiki idan lokacin wutar fulogi ne kawai ya kauce, musamman a tsofaffin Golf. Amma distirbuta ba ta taɓa lokacin buɗewar bawul. Idan bel ɗin taimin, mai juya kamshaf, ya tsallake haƙori ɗaya, murɗawar ɓoye ciwon kawai take yi, mota ta ci gaba da shan mai. Injin zamani ma ba shi da distirbuta, sensa ce.

Ta biyu ita na fi yarda da ita, ko da za ta ci yini. A cire murfin bel ɗin taimin, a kawo fistin na 1 can sama, a duba alamar kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da ta kamshaf sun zauna daidai. Injin mai kamshaf biyu, a tabbatar ba a musanya na shigar iska da na fitar hayaƙi ba. A ɗaure tenshina, mai tamke bel, sannan a juya injin da hannu zagaye 2, domin kamshaf zagaye 1 yake yi idan kiranshaf ya yi 2, a sake duba alamomin. In ya cije, kada a tilasta, kada a buga sitata: a wasu injuna fistin na dukan bawul ya lanƙwasa shi, sai neman kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.