Tsohon jirgin tururi ko sayyada a gaɓar teku: amsa ga ɗan'uwanmu na Glasgow

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Glasgow ya yi tambaya shekaranjiya. Baba da Hajiya za su zo bikin kammala karatunsa a watan Yuli, suna da kwana huɗu bayan biki, yana kuma son su ga teku kafin su koma gida. Ya rasa wanda zai zaɓa: ya hau da su ɗaya daga cikin tsofaffin ƙananan jiragen ruwan yawon buɗe ido, ko su taka sayyada a hanyoyin da aka fitar a bakin teku. Ya ce Baba ya haura saba'in kuma gwiwa na damunsa, Hajiya kuwa ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba.

To ƙanena, Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo su lafiya. Na yi duka biyun ba sau ɗaya ba, don haka bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa.

Mu fara kawar da ɗaya daga hanya. Idan jirgin da ake kwana a ciki kake nufi, wanda ya fi suna a Sikotilan shi ne Hebridean Princess. An ƙera shi a Aberdeen a 1964 da sunan Columba, yana fito da motoci tsakanin tsibirai, sai a 1989 aka mayar da shi na shaƙatawa. Fasinjojinsa ba su wuce hamsin ba, kuma galibi daga Oban yake tashi. Sarauniya Ilizabet ta biyu ta yi shatarsa a 2006 lokacin da ta cika shekara 80, ta sake a 2010. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka farashinsa: dubban fam ne kowane mutum, tafiyar kuma yawanci ta mako guda ce. Ba ta dace da kwana huɗunku ba, ba ta dace da aljihun ɗalibi ba.

Wanda ya dace da ku yana nan a ƙofar gidanka. Sunansa Waverley, yana tsayawa a bakin kogin Clyde kusa da cibiyar kimiyya ta Glasgow, ana fita da safe a dawo da yamma. Shi ne jirgin fasinja na ƙarshe a duniya mai tafiya da wili mai filafilai da har yanzu yake shiga teku. Kamfanin A. & J. Inglis ne ya ƙera shi a nan Glasgow, aka tura shi ruwa a 1946, ya fara ɗaukar mutane ranar 16 ga Yunin 1947. Ya gaji sunan wani jirgin da aka nutsar a 1940 lokacin kwaso sojojin Birtaniya daga Dunkirk a Faransa. Tsawonsa kusan mita 73 ne, da bututun hayaƙi biyu masu launin ja da fari da baƙi, daga nesa za ka gane shi. Da ya tsufa, kuɗin kula da shi ya fi abin da yake kawowa, sai masu shi suka sayar wa wata ƙungiyar masu son adana irin waɗannan jirage a 1974 a kan fam ɗaya tak. Tun daga nan da kuɗin tikiti da gudummawar jama'a yake rayuwa.

Abin da zai riƙe Baba a wannan jirgi yana ƙasa, ba a sama ba. Ka sauka da shi ɗakin injin. A buɗe yake, ƙarfen dogarawa kawai ya raba ka da shi. Za ku ga manyan hannuwan ƙarfe uku suna tashi suna sauka ɗaya bayan ɗaya kamar mata uku a bakin turmi guda, ɗumi na bugun fuska, warin man shafawa ya cika wurin, injiniya na tsaye yana jiran ƙararrawar kyaftin. Injin mai ƙarfin doki 2,100 ne, kamfanin Rankin & Blackmore na Greenock ya yi shi. Tururi ɗaya ne yake aiki sau uku: ya tura silinda ta farko, ya wuce ta biyu wadda ta fi ta girma, ya ƙarasa a ta uku kafin ya huce ya koma ruwa. Da kwal ake hura tukunyarsa a da, a 1957 aka koma mai. A gefe akwai 'yan tagogi da ake leƙa filafilan suna dukan ruwa, kumfa na tashi fari fat. Wilin biyu a kan sanda ɗaya suke, ba a iya juya ɗaya a bar ɗaya, shi ya sa jirgin ba ya juyawa a ƙaramin wuri, kuma shi ya sa tsayawarsa a kwata abin kallo ce: a wurga igiya, a ɗaure, a ja shi a hankali har ya jingina. Na ga dattawa sun share fiye da sa'a guda a wurin nan ba su ɗaga ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan jirgin ƙasa mai kwal a tashar Kano ko Zariya zai ji wani abu ya motsa a ransa.

A sama kuwa, kogin ne zai riƙa buɗe muku tarihi. Za ku wuce Govan inda har gobe ake ƙera jiragen yaƙi, ku wuce ƙatuwar na'urar ɗaga kaya ta Clydebank da aka kafa a 1907, a filin da aka ƙera shahararren jirgin ruwan nan Queen Mary. Sai gadar Erskine, sai dutsen Dumbarton, sai Greenock inda ruwan yake fara faɗi. Idan kun iso Greenock ka ba Baba wannan labari. A garin aka haifi Macgregor Laird a 1808, wanda ya tafi tare da Richard Lander a 1832 da jiragen tururi biyu suka shiga kogin Kwara. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara. Ɗayan, mai jikin ƙarfe, mai wili irin na wannan da kuke ciki, sunansa Alburkah, daga kalmarmu ta albarka. Cikin Turawa 48 da suka tafi, tara kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya cinye yawancinsu. Da irin wannan jirgi aka fara buɗe kogin ga fataken Turawa, abin da ya biyo baya kuma mun san shi. Ni dai ban taɓa wuce Greenock ban tuna ba.

Daga nan, gwargwadon ranar da kuka zaɓa, jirgin kan tsaya a Dunoon, ko Largs, ko Rothesay a tsibirin Bute, ko ya kutsa ƙunƙuntar mashigin Kyles of Bute zuwa Tighnabruaich. Wannan na ƙarshen nake ba ku shawara saboda Hajiya. Tsaunuka da tsibirai sun kare ruwan daga manyan igiyoyi, yawancin ranaku kwance yake, jiri da tashin zuciya ba su cika damun mutane ba. Ranar da za a nufi can kudu wajen tsibirin Arran ko dutsen Ailsa Craig, ruwan ya fi buɗewa, jirgin kan yi rawa. Kada ka fara mata da wannan.

Yanzu aibinsa, don ba zan ɓoye maka ba. Tsoho ne, ya doshi shekara 80. A 2019 bai yi aiki ba ko kwana ɗaya saboda tukunyar tururinsa ta lalace, sai da aka tara fam miliyan 2.3 aka sa sababbi, ya dawo a 2020. Iska mai ƙarfi ko gyaran gaggawa na iya soke tafiyar rana guda. Ba kuma kullum yake Clyde ba: a farkon bazara yakan je mashigin Bristol, a ƙarshenta ya gangara kudancin Ingila da kogin Thames. Yuli da Agusta ne yake gida, amma ka duba jadawalin bana kafin ka yi wa kowa alkawari. Tikiti gomman fam ne kowane mutum, ku uku ka ga an taɓa aljihu. Matakalarsa tsaye suke, tsanin shiga kan yi gangare idan ruwa ya janye, don haka ka gaya wa ma'aikata tun a kwata cewa kana tare da dattijo. Ana sayar da giya a wani sashe, ku zaɓi wurin zamanku a sama ko a falon shayi. Abinci kuma ku riƙo naku ya fi kwanciyar hankali.

Sayyada fa? Ita ba ta da jadawali, ba ta da tikiti. Tun dokar 2003, a Sikotilan kana da damar ratsa yawancin filaye da gaɓar teku muddin ba ka yi ɓarna ba, ka rufe ƙofar shingen da ka buɗe, ka bar tumakin mutane. Hanyoyin kuma dogaye ne: ta yankin Fife da ke gabashin ƙasar mil 117 ce daga Kincardine zuwa Newburgh, ta zagayen Arran mil 65. Ba wanda ya ce sai ka gama su. Gutsura ake yi.

Gutsuren da na fi so shi ne daga St Monans zuwa Pittenweem zuwa Anstruther a gabashin Fife, kamar mil uku gaba ɗaya. Da ka fita St Monans za ka tarar da wata tsohuwar hasumiya ta injin da iska ke juyawa, da aka gina a ƙarni na 18. Ita ke jawo ruwan teku zuwa manyan kasake, a hura kwal a ƙarƙashinsu har ruwan ya ƙone gishiri ya rage. Tushen ɗakunan na nan a ƙasa kana gani. Mutumin da ya taso da labarin ayarin gishirin Bilma zai tsaya ya yi tambaya. A Pittenweem har yanzu masunta na fita su dawo, ga taruna an shanya, ga tarkunan ƙaguwa an jibge, ga ƙarnin kifi. Idan an yi sa'a kuma za ku ga wata dabbar teku mai kama da ayu ta fito da kai tana kallonku. Wannan shi ne abin da jirgi ba zai ba ka ba. Daga jirgi garuruwan nan fararen gidaje ne jere a nesa. A ƙasa kuwa kana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalminka, ka tsaya inda kake so, ka shimfiɗa sallaya a kan ciyawa idan lokaci ya yi, ba mai hanzarta ka.

Amma ita da jikinka take karɓar kuɗinta. Ko hanyar da aka ce shimfiɗaɗɗiya ce ba ta rasa matakala da duwatsu masu santsi, iskar teku kuma tana ratsa riga ko a Yuli. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, wasu sassan hanyar ruwa kan rufe su ruf. Ni kaina na taɓa shagala da ɗaukar hoto a wani lungu, da na waiwaya hanyar da na biyo ta zama ruwa, sai da na hau tudu na zagaya mai nisa. Tun daga ranar ba na fita sai na duba lokacin cikar teku a waya. Idan wani abu ya faru, 999 ake kira a nemi masu gadin gaɓar teku. A yammacin ƙasar kuma akwai wasu ƙwari da suka fi sauro ƙanƙanta, suna fitowa da yawa da yamma idan iska ta kwanta, cizonsu na sa ƙaiƙayi. Gabas ba su kai haka ba, ruwan sama ma ya fi sauƙi. Sai dai Fife na da nisa daga Glasgow, fiye da sa'a biyu zuwa, haka dawowa. Ka haɗa wannan da gwiwar Baba ka gani.

Saboda haka ga yadda na auna. Wajen kuɗi, sayyada ta yi nasara. Wajen tabbas ma ita ce, don ko an yi yayyafi za ka iya ɗagawa zuwa gobe ba ka yi asarar komai ba. Amma wajen mutanen da kake son farantawa, jirgi ya fi, kuma da tazara. Baba zai zauna a kujera tsaunuka su riƙa zuwa suna wucewa, ga makewayi kusa, ga ɗaki mai ɗumi idan sanyi ya matsa, ga injin da zai ba abokansa labari a majalisa. Da kai kaɗai ne ko da abokan karatunka, da na ce ka ɗaura takalmi ka nufi Fife ko Arran. Wannan tafiyar tasu ce, ba taka ba.

Ka sa jirgin a farkon ranar da yake aiki cikin kwanaki huɗun, don idan an soke ka sami wata ranar. Sannan ka ajiye tsibirin Great Cumbrae a gefe. Jirgin ƙasa daga tashar Glasgow Central zuwa Largs kamar sa'a guda ne, jirgin fito kuma minti goma yake yi ya tsallaka, bas na jira ta kai ku garin Millport. Bakin tekun garin shimfiɗe yake, ga kujeru nan da can, ga wani dutse da aka yi wa fenti kamar kan kada wanda yara ke hawa. Baba ya taka gwargwadon ƙarfinsa ya zauna, kai kuma idan kana so ka yi hayar keke ka zagaye tsibirin, mil goma ne kacal. Idan ma Hajiya na ɗar-ɗar da ruwa, ka fara kai ta nan, minti goman fiton ya zama gwaji kafin babban jirgin.

Ku riƙi rigar ruwa da rigar sanyi ko da gari ya waye tas, Hajiya ta ɗaura mayafi mai kauri saboda iskar saman jirgi. Ka kuma shirya su kan lokutan salla tun kafin ku fita, don a Glasgow a farkon Yuli sai wajen ƙarfe goma na dare rana ke faɗuwa. Za ku iya dawowa kwata, ku hau mota, ku isa masauki, magariba ba ta yi ba.