Sharhina a kan Pontiac Vibe, motar zuwa aiki da ɗaukar karnukan gona

Duk wanda yake zaune a ƙauye yana aiki a birni, kuma yana da karnukan da wani lokaci dole ya ɗauke su a mota, zai tarar da cewa motocin da suka dace da shi a kasuwa ba su da yawa. Ni ina zaune ne a wani ƙauye da ke bayan Wudil, ina aiki a cikin Kano, kuma muna da karnuka biyu masu gadin garkar albasa da tumatir da mahaifinmu ya bar mana a fadama, waɗanda ƙanena yake fita farauta da su idan an gama girbi. Abin da na nema shi ne motar da za ta kai ni ofis kafin ƙarfe takwas, wadda kuma za ta ɗauki kare ba tare da ya taɓa kujerar da nake zama a kai da tufafin da zan yi salla da su ba. Bayan doguwar shawara na sayi Pontiac Vibe ƙirar 2005, 'yar Kwatano, mai giya otomatik, a hannun wani dillali a Kano, a kan kuɗin da duk mai bin kasuwar mota ya san ba ƙarami ba ne a yanzu.

Abokan aikina sun so in sayi Corolla ko Accord, amma but ɗinsu rufaffe ne, kuma ba zan iya kulle dabba mai rai a cikinsa ba. Kare ba ya fitar da zufa a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, saboda haka idan aka rufe shi a wurin da iska ba ta shiga a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura maki 40, to an kashe shi ne kawai. Sienna tana da fili, sai dai injinta mai silinda shida ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ma'aikaci irina ba ya kallon irin wannan inji don zirga-zirgar kullum. Abin da ya kwantar mini da hankali game da Vibe shi ne cewa sunan ne kawai na Pontiac, cikinta na Toyota ne. An haɗa ta a masana'antar da General Motors da Toyota suka yi tarayya a garin Fremont na jihar Kalifoniya, ita da Toyota Matrix tagwaye ne, kuma injinta mai lita 1.8 shi ne dai na Corolla ta wancan zamani. An daina yin motocin Pontiac a 2010, amma kayan inji da na ƙafa suna nan birjik a Ƙofar Ruwa, kuma bakaniken da ke bakin tashar Wudil ya san injin ciki da waje. Kayan jiki irin su fitila da bamba ne suka bambanta da na Toyota, su ne ake ɗan sha wahalar nema.

Ranar da na san darajar motar wata Juma'a ce cikin bazara. Da asuba, ina dawowa daga masallaci, ƙanena ya tare ni a ƙofar gida rigarsa duk jini, ya ce, "Yaya, Duna ya faɗa wayar shingen maƙwabta, cinyarsa ta yage, jinin kuma ya ƙi tsayawa." Duna shi ne babban karenmu, baƙi ne mai faɗin ƙirji, kuma shi ne dalilin da ya sa ɓarayin injin ban-ruwa suka daina leƙa garkarmu. Da alama wani abu ya bi cikin dare, ya yi tsalle bai ga waya mai ƙaya ba. Na same shi kwance a gindin mangwaro, fatar cinyar ta buɗe har ana ganin nama, yana haki, idan mutum ya matso sai ya yi gurnani duk da cewa ya san mu tun yana ɗan kwikwiyo.

Kujerar bayan Vibe kashi biyu ce, babba da ƙarama. Na kwantar da babban ɓangaren, sai ya zama daidai da daɓen but, shimfiɗa guda babu tudu babu kwari, kuma daɓen da bayan kujerar duk roba ce mai tauri, babu kafet ko kaɗan. Muka ɗaure cinyar da tsohon zane, muka ɗora shi a kan buhu muka ɗaga shi mu biyu, kuma da yake bakin but ɗin ba shi da tsayi sosai ba mu jijjiga shi ba. Ƙanena ya zauna a ƙaramin ɓangaren kujerar da ya rage, ya miƙa hannu yana danne raunin, ga shi a zaune daram ga kuma kare a gefensa. A cikin motocin da aka ba ni shawara babu wadda za a yi wannan tsari a cikinta sai an ɗora kare mai zubar jini a kan katifar kujera.

Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, kuma duk wanda ya san garin ya san yadda tireloli da manyan motocin shanu suke cika hanya tun sassafe. Mun samu muka tsallake gada kafin cunkoson ya yi ƙarfi, daga nan kuma na ga abin da injin zai iya. Idan na taka totur don wuce tirela, giyar takan sauko da kanta, injin ya ɗaga murya, motar ta fice kafin wadda ke biye da ni ta matso, kuma ko da iskar tirela ta buge ta ba ta yin rawa a hannu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a sa'a a kan tagwayen hanya, kuma a wannan gudu motar tana zaune ƙalau, da sauran ƙarfi a ajiye. Injin ƙarfin doki 130 ne ko kusa da haka, giyar kuma huɗu ce kacal, don haka mai neman motar tsere ba a nan zai same ta ba. Akwai samfurin GT mai ƙarfin doki har 180 da giyar hannu shida, amma ƙarfinsa ba ya fitowa sai an matsa wa inji ƙwarai, kuma ban ga amfanin hakan ga mai tsayawa a cunkoson Mariri da Hotoro kowace safiya ba. Saurin da nake bukata shi ne na wuce babbar mota cikin aminci, kuma wannan na samu a ranar da na fi bukatarsa.

A asibitin dabbobi ne wani abu da ban ɗauke shi da muhimmanci ba ya yi mana rana. Gilashin ƙofar baya yana buɗewa shi kaɗai ba tare da an ɗaga ƙofar gaba ɗaya ba. Likitan, wani dattijo mai natsuwa, ya ce kada mu buɗe ƙofar tukuna domin kare mai ciwo yana iya zabura ya diro ya ƙara yage raunin, ko ya ciji wanda ya fi kusa. Ta gilashin ya leƙa ya duba shi, ta nan ƙanena da ma'aikacin likitan suka sanya masa takunkumi, ta nan aka yi masa allurar da ta kwantar da shi, sannan aka ɗaga ƙofar. Da likitan ya ga daɓen shimfiɗe yake kuma roba ne, sai ya ce, "Malam, ku bar shi inda yake, a nan zan ɗinke shi, ɗaga shi ma wahala ce." A bayan motata aka wanke raunin aka ɗinke, ya tambaye mu ko an yi masa rigakafin ciwon haukan kare a bana, ya tunatar da mu cewa kowace shekara ake sabuntawa, kuma ya ce mu kawo ɗan'uwansa shi ma.

Bayan mun dawo gida na tsaya ina kallon abin da ya rage a motar: jini ya bushe a daɓe, ga amai, ga fitsari, ga gashi ko'ina. Da kafet ne, na tabbata warin ba zai fita ba har abada, kuma kaska da ƙuma sun samu maɓoya. Bokiti ɗaya na ruwa da omo da tsumma na yi amfani da su, na bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin la'asar babu alamar komai. Inda kawai ya ba ni aiki shi ne siraran layukan nan biyu da aka yi a daɓen don ɗaure kaya, domin jini ya kwanta a cikinsu, sai da na sa tsohon buroshin haƙori na bi su a hankali, sannan na ɗaga murfin da ke kan safayar taya na goge ɗan ruwan da ya zurara. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne a karan kansa, kuma shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta da gadin gona da na dabbobi, amma jini da fitsari wani abu ne daban, kuma mutanenmu ba sa son zama inda kare ya kwanta. Yadda ake iya wanke wurin tas ya sa har yau dattawan unguwarmu suna shiga motar in rage musu hanya zuwa Wudil ba tare da ƙyanƙyami ba.

Sai dai duk lokacin da na kawo nan a labarin raina yakan sake ɓaci, domin a wannan tafiya, da kare mai ciwo yana haki a baya, na'urar sanyaya motar ba ta aiki. Ranar da na je gwada motar sanyi take bayarwa har sai da na rage, dillalin kuma ya dafa ƙirji ya rantse mini cewa babu abin da aka taɓa a jikinta tun da ta sauka daga jirgi. Ba a daɗe ba sanyin ya fara raguwa har ya ɗauke. Mai gyaran ya nuna mini wurin da bututun yake yoyo, an shafe shi da gam, wato gas aka ɗura mata don ta yi sanyi a ranar ciniki kawai. Shi ya sa a hanyar asibiti muka sauke gilasai, ƙura tana shiga kan buɗaɗɗen rauni, a dawowa kuma, da rana ta take muka tsaya a cunkoso, wani wari mai hawa kai ya riƙa shigowa daga salansa har ƙanena ya ce kansa yana juyawa.

Wannan warin ne ya kai ni wurin bakanike, inda aka ɗaga motar na ga abin da ya fi na farko ciwo. An yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai suke kira indomi, an kwashe abin da ke cikinta an mayar an yi walda, an datse wayar na'urar da ke auna hayaƙin, sannan an cire ƙwan fitilar gargaɗin inji a dashbod don kada ta tona asiri. Ana kwashe indomi ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su filatinam, kuma akwai masu saye. Da na'urar awon ba ta aiki, kwamfutar motar ba ta san adadin man da ya kamata ta bayar ba, sai ta riƙa zubawa fiye da kima, kuma wannan ne ya bayyana mini dalilin da ya sa motar da kowa yake yabo da tsimin mai take cinye mini albashi tsakanin Wudil da Kano. Na koma wurin dillalin na ce, "Alhaji, kai ka rantse mini da Allah cewa ba a taɓa motar nan ba." Ko kallona bai yi sosai ba ya ce, "Malam, yadda muka karɓa haka muka ba ka, 'yar Kwatano ai sai haƙuri." Ban san ko a tashar jirgi aka yi wannan aiki ba ko a garejinsa, kuma bai dame ni ba, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ne ya karɓi kuɗina, shi ne kuma ya yi rantsuwa. Abin da na kashe a kan bututu da gas da na'urar awo da indomi ta hannu ya isa ya saya wa motar tayoyi sababbi, kuma har yanzu idan na wuce ta gaban wurinsa ba na iya juyawa in kalla.

Akwai abubuwa biyu da mai karnuka ya kamata ya shirya musu. Robar da ta sauƙaƙa wanki tana da santsi, idan aka taka birki kare yakan zame ya bugi bayan kujera, don haka na sayi shimfiɗar roba mai kauri na yanka daidai wurin, na sa maƙeri ya yi mini ragar ƙarfe tsakanin but da kujeru, tun daga nan kuma suke kwanciya lafiya. Na biyu shi ne hanyarmu da damina. Tawa tayoyin gaba ne kaɗai suke ja, kuma daga bakin kwalta zuwa ƙauyenmu akwai wani kwari da ruwa yake kwanciya a watan Agusta, inda cikin motar yake gogar ƙasa, tayoyin su yi ta juyawa a laka har sai matasa sun turo. A irin waɗannan ranaku a gidan wani ɗan'uwa da ke bakin titi nake kwanar da ita in ƙarasa a babur, kuma idan kare ya yi ciwo a lokacin, sai dai a fito da shi a amalanke zuwa inda motar take.

Da za a ce in sake zaɓe, Vibe ko Matrix zan sake ɗauka, amma ba zan biya ko kwabo ba sai bakanikena ya shiga ƙarƙashinta ya duba salansa, an kunna makulli na ga fitilar gargaɗin inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, an kuma bar na'urar sanyi tana aiki a rana yayin da mai gyara yake bin bututun da hannu. Duna ya warke, yana ɗan ɗingishi idan ya yi gudu mai nisa, kuma a makon gobe zan kai su duka biyun rigakafi kafin in wuce ofis.